Magogin Goro

Tun muna yara mun san Babanmu da ƙarfin haƙori. Rake ba ya nemar masa wuƙa, goriba kuwa sai ya gwaigwaye ta tas ya jefar da ƙwallon. Da yamma, idan maƙwabta suka fito da kwanukansu ƙofar gidanmu na Bungudu aka zauna ciyayya, shi ake tura wa ƙashi. Bayan an wanke hannu a raba goro, nan yake samun abin tsokana. Akwai tsofaffi biyu da ba sa iya tauna, sai su ciro magogi daga aljihu, wato ɗan gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa, su goge goron ya zama gari su afa. Baba ya dinga yi musu dariya, wai sun koma jarirai.

Bara da kaka Inna ta kira ni a waya, ta ce Baba ya daina fita ciyayya. Na taso daga Gusau na same shi ya rame, riga na yawo a jikinsa. Ni ya ce mini ciwon ciki ne. Inna ta ja ni madafa ta faɗa mini gaskiya: haƙoransa girgiɗa suke, dasashi na jini. Ya bar hoce da ƙuli-ƙuli, abincin da ya fi so a duniya. Nama in ta sa masa a miya, sai ta tsince shi a bayan ɗaki kyanwa na ci. Ya kuma hana a yi masa girki daban, wai kunu na mai jego ne.

Da ƙyar na lallaɓa shi ya biyo ni Gusau. Likita ya cire waɗanda suka fi lalacewa, ya ce sauran ma a tausaya musu, a koma fate da ƙwai da kifi da wake mai laushi. A gidana Baba ya zauna jinya, kuma a nan na san tsoro. In na kai masa fate sai ya ɗanɗana ya ture. Yayana ya zo dubiya daga Tsafe da ƙunshin kilishi, bai san halin da ake ciki ba. Baba ya shinshina, ya ce sai an jima, ya raba wa yara. Ina kallon wuyansa yana ƙara tsawo kullum.

Na ga ko goro ya daina ci, sai na sayo magogi a kasuwa na ajiye masa kusa da buta. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ke ɗiyag ga, mi kinka ɗauke ni?"

Na juya na fita. Haushi ya cika ni, ga tausayi. Mutum na ƙarewa a gabana saboda kada abokansa su gan shi yana mamular abinci.

A lokacin 'yar autata tana famfara. Haƙorinta na gaba na lilo, da gefen baki take cin masara, na hana ta rake da alawa tana ta ƙunci. Ita kaɗai ke sa Baba murmushi, yana kiranta amarya kamar yadda kakanni ke yi. Ranar da haƙorin ya fita ta jefa shi saman rufi, ta dinga yawo a tsakar gida hannu a baki, don yara sun ce in ƙadangare ya ga giɓin wani ba zai tsiro ba. Ta iske Baba kan tabarma yana hamma.

"Alhaji, rufe bakinka! Ga ƙadangare can bisa katanga."

"Ai ni ya riga ya gani, amarya."

"To yaushe naka za shi hito?"

Ina bakin murhu, na tsaya da muciya a hannu. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Nawa ba shi dawowa," ya ce. "Ke dai ki ci komi da naki tun da wuri."

Ranar ya cinye faten da na kai masa, har ya nemi ƙari. Da zai koma Bungudu na duba kusa da buta, babu magogin. Abin da nake ta roƙo ke nan, amma da na ga wurin wayam sai na shige ɗaki na yi kuka.

Bayan kwana biyu Inna ta kira. Ta ce ya fita ciyayya da kwanon fatensa. Da aka raba goro ya ciro magogin a gaban kowa ya goge nasa. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya matsa masa wuri a tabarma. Babu wanda ya tsokane shi.

Na ce alhamdu lillahi, ai shi ke nan. Sai Inna ta ce da ya shigo gida ya daɗe zaune bakin gado bai cire hula ba.

"Ya ce mani, da ma sun yi mai dariya."