Surukin da Anka Zaunar a Gaba

Shekarun da gwamnati ta fito da sabuwar dokar gonaki da kiwo, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Tajaye, inda ake kiran malami "Mushe", daga Faransanci. Ni ke juya wa makiyaya takardar daga Faransanci zuwa Hausa. Na nuna musu cewa burtali, hanyar da shanunsu ke bi zuwa ruwa, ba ya zama gona muddin sun yi magana a gaban hukuma.

Sunka zaɓi wani mai baki a cikinsu, wanda ko dillalan kasuwar Badaguishiri suna shakkarsa. Sati uku muna bitar abin da zai faɗa.

Ranar taro kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin, ya zo daga Illela. Mai gari, wanda ya daɗe yana kwaɗayin burtalin, ya aika da amalanke ruga, anka ɗauko surukin mutuminmu, tsoho da ko ji ba ya yi sosai. Anka shimfiɗa masa buzu a gaba, anka ba shi goro.

Mutuminmu ya miƙe, sai ya yi ido biyu da surukinsa. Bafulatani ba ya ɗaga murya gaban suruki, ko da bukkarsa ke ci da wuta. Ya sunkuyar da kai, ya koma ya zauna.

Kumandan ya dube ni, da yake ni ne marubucin taron, ya ce, "Mushe, rubuta: babu mai ja."

Na rubuta. Da kaka gero ya yi kyau a burtalin, har mai gari ya aiko mini da dami guda.