Saura Gida Uku

Ku mutanen Unguwar Dosa da kuka san Kawu Ɗanlami a shekarunsa na ƙarshe, ku faɗi tsakani da Allah, ai ƙafafunsa kuka fi sani. Da gari ya waye zai shimfiɗa kwali a ƙofar gida ya shige ƙarƙashin jif ɗin nan tasa, ba abin da za ka gani sai silifas, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Mai wucewa ya tsaya ya gaida silifas, murya ta amsa daga ƙasa, "Lafiya lau, ɗan miƙo min sufanar can." Ni da idona na ga mai unguwa ya tsuguna ya gayyaci ƙafafun nan zuwa ɗaurin aure, ya tashi ya yi gaba.

Yayan mahaifiyata ne. Ina da aure da 'ya'ya a layin bayansu, amma a wurinsa muƙamina ɗaya ne, mai tura mota. In waya ta yi ƙara na ga sunansa, ba na ma ɗagawa, takalmi nake nema.

Sana'arsa ta asali gyaran keken ɗinki, tun yana saurayi yake yi a Doka, kuma wallahi ya iya. Tela zai kawo keke yana cin zare, Kawu ya kasa kunne kawai ya faɗa masa ciwon. Inda aka samu matsala shi ne daga nan ya yanke wa duk injinan duniya hukunci. "Inji duk inji ne," haka yake cewa. "Wani abu ne ke juya wani abu. Ita mota ai keken ɗinki ne ya yi ƙiba."

Bayan ya bar wa yaransa shago, sai ya ji labarin wata tsohuwar jif a Abakpa, ta daɗe a gindin mangwaro har kaji na saka ƙwai a ciki. Mai ita ya sakar masa a banza-banza, ya kuma rako shi har titi yana sa masa albarka, abin da ya kamata ya sa mutum ya sake tunani. Ranar da aka kawo ta, akori-kura ce ke jan ta da igiya. Kawu na zaune a sitiyari cikin babbar riga yana ta danna hon, don shi kaɗai ke aiki a duk motar. Ya sauko ya gyara hula ya ce, "Ku ce ma sha Allah." Muka ce.

Matarsa Inna Hajo ta leƙo daga zaure, ta dubi motar daga sama har ƙasa.

"Malam, an yi mata wanka ne, ko mu za mu yi mata sutura?"

"Taki ce, Hajo," in ji shi. "Kin gaji da ɗanewa bayan acaba. Kin ga kujerar gaban nan? Ba mahaluƙin da zai zauna a kai sai ke."

"To na gode. Ranar da ta je Kawo ta dawo ƙofar gidan nan da kanta, ba turi ba igiya, zan shiga."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Daga ranar magana ta zauna. Kawu ya ɗinka wa kujerar riga da hannunsa, ya lulluɓe ta da leda, kuma duk wanda zai shiga motar, ko limami ne, baya zai zauna.

A bakin layin akwai garejin Garba Bakanike, abokinsa tun na ƙuruciya. Garba Bazazzagi ne, Kawu Bakano, to kun san yadda wasan yake. Sau da yawa Garba ya zo ya ce, "Ɗanlami, ba ni ita kwana biyu, ko sisi ba na so." Kawu ya leƙo da kai duk baƙin mai ya ce, "Ina raye Bazazzagi ya taɓa min mota? Je ka gyara baro." Ba rowa ba ce kaɗai, ko da yake akwai ta. Shi a ganinsa in wani ya sa hannu, to ba shi ne ya kai Hajo ba.

Abin da ya fi ɗaga wa Garba hankali shi ne gwangwanin madara. Duk sanda Kawu ya kwance wani abu ya mayar, sai noti biyu ko uku su yi saura, ya jefa su a gwangwani. Garba ya girgiza gwangwanin wata rana ya ce, "Kai bawan Allah, waɗannan fa a jikin motar suke!"

"Almubazzaranci ne na masu ƙera ta. Inda ɗaya zai riƙe su sa huɗu."

"Wallahi wata rana gwangwanin nan sai ya fi motar nauyi."

"Sai in sa masa taya ka hau."

Ba za a ce bai yi nasara ba. Bayan an sha fama, injin ya tashi, da hayaƙin da ya sa maƙwabta kwashe shanyarsu. Sai dai kafin nan Kawu ya riga ya kwance giya ya mayar da ita yadda ransa ya so, don haka mota ba ta san komai ba sai ribas. Ranar Juma'a ce. Na ce, "Kawu, mu bari sai an gyara." Ya ce, "Shiga baya ka riƙa faɗa min hanya." Haka muka tafi masallaci da baya da baya, na leƙa da kai ta taga ina ba mutane haƙuri, yara na bin mu da ihu. Da aka idar wani dattijo ya ce masa, "Malam Ɗanlami, wace irin tafiya ce wannan?" Ya ce, "Na samu sallah ko ban samu ba?" Dattijon ya ce ya samu. "To ka ga."

Da muka dawo har yana shirin gwada Kawo a haka. Inna Hajo ta aiko masa cewa Kawon da take nufi, da gaba ake zuwa.

Sai batun fambel, wato bel ɗin da ke juya fankar inji. Ya tsinke, na ce bari in je Panteka in sayo. Kawu ya dube ni kamar na zage shi. Ya shiga ɗaki ya fito da igiyar fata irin ta keken ɗinki, ya ruɓanya ta, ya ɗinke, ya shafa mata man keke ya ɗaura. Garba ya zo ya gani, ya kama kai ya ce, "Innalillahi! Saura ka sa mata zare da allura." Abin haushin, igiyar ta yi aiki.

Da ita muka yi tafiyar da kowa ke tunawa. Wata safiya giya ta yarda ta shiga gaba, Kawu ya ce yau ce ranar. Ni a baya da jarkar ruwa, kujerar gaba fayau cikin ledarta. Muka hau titi, muka isa Kawo, jama'a! Ya sauko ya sayi tsire na shaida, ya hana a kashe injin. Muka juyo. Yana tuƙi yana rera waƙa, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Muka shigo layi, muka wuce garejin Garba da hon, muna hango ƙofar gida. Daidai shagon mai katin waya sai motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, ya buga mata guduma a inda ya saba. Shiru.

Na duba, ba kowa a ƙofar gida. Na ce, "Kawu, bari in ɗan taɓa ta kaɗan, gangare ne. Inna ba za ta sani ba."

"Kai Nasiru, tun da na auro ta ban yi mata ƙarya ba, sai yau a kan ƙarfe?"

Ya sauka, ya ɗauki tsirensa, ya taka har gida, ni ina biye. Ya sami Inna Hajo tana tankaɗe.

"Hajo, ta je. Dawowar ce ba ta cika ba."

"Saura nawa?"

"Gida uku."

"To saura gida uku," ta ce, ta karɓi tsiren.

Ta ɗauka wasa ne irin wanda suka saba, mu ma haka muka ɗauka, shi ma dariya ya yi. Washegari muka turo motar ƙofar gida, ya koma ƙarƙashinta. Amma motar ba ta ƙara tashi ba, kuma kafin damina ta fita ciwo ya kwantar da shi. Na je duba shi a asibiti, ya jawo hannuna ya ce ya gano matsalar, wani ɗan noti ne, yana cikin gwangwani. Bai faɗa min ko wanne ba ne.

Bayan Inna Hajo ta fita takaba, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka fara zarya suna taya motar. Ta aika aka kira ni da Garba. Garba ya ce, "Hajiya, ki bari in duba ta, ko don a samu kuɗin kirki." Ta ce, "Garba, ka san ba ya so. Ku dai tura ta ku kai min ita shagon mai kati."

Muka tura ta da baya muka kai. Sai ga Inna Hajo ta fito da mayafinta na unguwa, ta tako a hankali, ta buɗe ƙofar gaba, ta yaye ledar nan da kanta ta ninke, ta zauna. Na shiga na murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. Ta yi ta shafa ɗinkin rigar kujerar.

Can ta ce, "Ku tura. Ni na kafa sharaɗin, na janye."

Garba ya tuɓe hula ya sa kafaɗa, mai kati ya rufe shago ya kama, wasu masu wucewa suka shigo. A hankali muka gangara har ƙofar gida, na taka birki. Ba ta sauka nan da nan ba. Ta juyo ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Gida uku fa, Nasiru. Me ya hana ni fitowa ran nan in shiga?"

Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye. 'Yan gwangwan dai ta sallame su. Motar na nan a ƙofar gida, kaji sun dawo, gwangwanin kuma yana ɗakinta.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya isar da shi gidan Aljanna ba tare da wahala ba, ya kuma ajiye wa Inna Hajo wuri a kusa da shi. Amin.