Yadda Na Raba Kakata da Goɗiyarta

Gaisuwa gare ku da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru, ni budurwa ce sabuwar fitowa daga lakwal, wato makarantar aikin jinya, an ba ni aiki a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a nan Damagaram, ina ji da farar rigata kamar ni na ƙirƙiro allura. Ina zaune gidan kakata ta wajen uba, wadda ta yaye ni kuma ta riƙe ni. Tsohuwar nan ba ta da abin so a duniya kamar doki. Mahaifinta mai maganin dawaki ne, bai haifi namiji ba, sai ya koya mata duk abin da ya sani. Takan buɗe bakin doki ta faɗi shekarunsa, ta ji takunsa daga zaure ta ce ƙafar hagu ce ke ciwo. Manyan maza sun sha zuwa tun daga Hamdara don dokinsu ya ƙi cin abinci, su karɓi magani, su fita suna cewa mace da doki ai abin dariya ne. Har yau in na tuna rashin kunyar nan sai raina ya ɓaci.

Abin da ya rage mata a tsufanta goɗiya ce baƙa, ita ma ta kwana biyu, ba a taɓa ɗora mata kaya ba. Tana ɗaure a turkenta a gefen gida wajen titi. Kullum da hantsi kakata za ta fito da sandarta ta kai mata harawa da jiƙaƙƙen gero da ɗan kanwa, ta goge mata jiki, tana yi mata hira kamar ƙawarta. Baffannina biyu kuwa sun daɗe suna harin filin bargar, suna son su gina shaguna, amma babu mai iya kallon idon uwarsa ya faɗa.

Sai tari ya kama kakata. Ni da ƙaramin sani, wanda aka ce ƙuƙumi ne, ban kai ta an duba ba, na yanke hukunci a gaban kowa cewa ƙurar harawa da kashin doki ne ke kashe ta. Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Nan take baffannina suka zama masu tausayin uwa, mutanen da sai su yi wata ba su leƙo sun gaishe ta ba. Suka ce za a kai goɗiyar Gidimuni wajen wani danginmu, ta ci ɗanyar ciyawa a bakin tafki har tsohuwa ta warke. Kakata ta ƙi sauraronsu, ta juyo gare ni ta ce in dai lokotoronta ta faɗa, ta yarda, da wannan suna na likita take tsokanata. Ni na kwance igiyar da hannuna. Bayan kwana biyu na ji gaskiya a bakin babban baffana: wani mai shareti, wato amalanken dako, a Kara-Kara suka sayar wa. Na yi shiru, kuma shirun nan ya fi ƙaryarsu muni.

Tun daga ranar, kowace Jumma'a kakata sai ta auna gero ta ƙulla kanwa a tsumma, ta ba ni in kai tasha a aika Gidimuni, ta ce mutanen ƙauye ba su san ba ta cin gero sai an jiƙa ba, in gaya musu. Nakan karɓa in ba wata abokiyar aikina mai kaji. In na dawo ta tambaye ni labari, in ce mata an ce goɗiya ta yi ƙiba. Wata huɗu ina wannan aika-aika. Tarin kuwa bai tafi ba, don daga baya gwaji ya nuna ciwon zuciya ne, babu ruwan doki.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da aka fara ginin shagunan, wata safiya masu shareti suka kawo tubalin siminti, kuma baffannina ko tambayar wa magina suka ɗauko ba su yi ba. Ɗaya daga cikin dabbobin ta ja ta tsaya a ƙofar zaurenmu, mai ita na dukanta ta ƙi gaba, sai ta yi haniniya. Ina tsakar gida na ga kakata ta miƙe ba sanda. Ashe goɗiyar ce, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, bayanta duk miki, tana jan kayan ginin da za a yi a kan turkenta. Kakata ba ta yi kuka ba. Ta sa aka ɗebo ruwan ɗumi ta wanke mikin, ta shafa man kaɗanya, ta roƙi mai shareti ya rage mata kaya. Sannan ta dube ni ta tambaye ni abu ɗaya, wai wa yake cin geron. Baffannina kuwa suna tsaye suna faɗa wai an ɓata wa magina lokaci. Wallahi ban taɓa ganin bushewar zuciya irin wannan ba.

Na je Kara-Kara don in dawo da ita, mutumin ya yi ta ja mini rai, kafin mu daidaita ta faɗi a hanya ta mutu. Kakata ta daina karɓar magani daga hannuna, sai dai maƙwabciya ta ba ta, kuma ba ta sake kirana lokotoro ba. Da ciwo ya yi tsanani na durƙusa na nemi gafararta. Ta ce nata ta yafe duniya da lahira, amma haƙƙin dabbar ba nata ba ne balle ta yafe.

Ina jin haushin baffannina, shagunansu na nan ban taɓa sayen ko ashana a ciki ba, amma haushin kaina ya fi. Ku masu ɗan karatu, ku kiyayi bakinku a gaban tsofaffi, don sun yarda da ku, kuma akwai masu jiran maganarku su yi abin da suka daɗe suna so. Kada ku raba tsoho da abin da ke tashinsa da safe da sunan kula da lafiyarsa. Ni kakata ta yafe mini, amma ɗaya haƙƙin yana wuyana, kuma ban san wurin wa zan je ba.