Ranar da Gwaggo Mavis Ba Ta Wanki

Shekara talatin da ɗaya gwaggona Mavis Blenkin ta yi tana auren mai kamun kifi, kuma ko tsumman goge tebur ba ta taɓa tsomawa a ruwa ba ranar da jirgin mijinta zai tashi. Haka matan unguwarmu ta Hessle Road a birnin Hull na bakin teku suka gada: wadda ta yi wanki ranar tafiya, ta wanke mijinta zuwa cikin teku. Mijin nata, Kawu Cyril, yakan yi sati uku a ruwan ƙasar Iceland, ya dawo ya kwana uku, ya sake saɓa jakarsa. Ba ta yi masa rakiya, ba ta ɗaga masa hannu. Sai dai ta tura bahon wanki ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta ce ya ja mata ƙofa sanyi na shigowa.

Tare muke aiki da ita a gidan gyaran kifi, ni da ita kafaɗa da kafaɗa. Wuƙarta da bakinta ban san wanda ya fi kaifi ba. Ba ta karanta jarida sai wadda aka naɗe mata soyayyen dankali a ciki, amma rediyonta ba ya mutuwa, kuma duk abin da gwamnatinmu ta Landan za ta yi sai ta riga ta faɗa. Mazan unguwa suka sa mata suna Minista. Tana jin haushin sunan a baki, amma na sha ganinta tana gyara zaman ɗankwali in an kira ta da shi.

A sanyin 1975 mutanen Iceland suka ce ruwan da ke kewaye da su har mil ɗari biyu nasu ne, jiragen sintirinsu suka shiga yanke wa namu taru. Gwamnati ta tura jiragen yaƙi. Kawu Cyril ya dawo gida kamar an yi masa sarauta, yana ba mu labarin yadda wani ƙaton jirgin soja ya sha gaban na Iceland saboda shi, shi Cyril mai tsohuwar hula. Ya ce ƙasar da ta tura masa igwa ba za ta taɓa yar da shi ba.

Gwaggo ta ajiye masa shayi da ƙarfi har ya fantsama.

"Kai dai sha shayinka, sarkin teku. Ba don kyan fuskarka suka turo su ba. Burodi ya yi tsada, masana'antu na rufewa, darajar fam na zubewa kamar haƙoranka. Dole su samo abin da za su nuna wa mutane a talabijin. Ga kuma ƙuri'unmu."

Ya ce to ai duk ɗaya ne, tunda jiragen suna nan. Ta ce suna nan zuwa ranar da Iceland za ta ce Amurkawa su kwashe sansaninsu da suke sa wa Rasha ido daga can. Ranar, in ji ta, za a ɗora shi a sikeli ɗaya da sansanin, kuma gwamnatin da aljihunta ya huje ba ta iya ɓata wa Amurka rai a kan kifi. Kawu ya yi dariya, ya ce a kai Minista majalisa. Ni ma na yi dariyar, kuma har yau ina jin kunyarta.

Da watan Yuni ya kama, aka sa hannu a yarjejeniya, aka bar wa Iceland ruwan. Jiragen yaƙi suka juyo gida, aka bar wa namu 'yan kaɗan su riƙa zuwa, daga baya su ma aka hana. Aka ɗaure jirgin su Kawu a tasha yana tsatsa. Na zaci Gwaggo za ta cika unguwa da "ai na faɗa". Ko sau ɗaya ba ta faɗa ba. Wanda ma ya kira ta Minista a lokacin, kallon da take masa ya ishe shi.

Kawu kuwa ya ƙi yarda. Shekararsa hamsin da huɗu, bai san wata sana'a ba, ko tafiya a kan ƙasa yi yake kamar tana lilo. Duk Litinin sai ya yi aski, ya saɓa jakarsa cike da kayan sanyi, ya nufi tasha wai ko wani jirgi zai rasa mutum. Da yamma ya dawo ya ce sun ce ya leƙo sati mai zuwa. Tausayinsa ya hana kowa faɗa masa gaskiya.

Wata Litinin aka yi rana mai kyau, irin wadda ba mu samu sai jefi-jefi, kowace igiya a layin ta cika da shanya. Na shiga gidan Gwaggo na tarar da kayan wanki jibge a kujera, baho kuma a ƙarƙashin tebur. Raina ya ɓaci. Na ce mata ita da ta fi kowa sanin babu jirgin da zai ɗauke shi, me za ta yi asarar rana irin wannan a kai.

Ta ci gaba da feraye dankalinta, ba ta ko ɗago ba.

"Na sani, 'yar nan. Tun kafin su sa hannu na sani. Amma in ya shawo kwanar nan ya hango rigunansa a igiya, ya san ni ma na ce masa ya gama. Landan ta faɗa masa. Ba da bakina zai ji na biyu ba."

Na juya na fita. Sannan na koma gidanmu na kwashe tawa shanyar, da sauran danshinta, domin ta ƙofarmu yake wucewa.