Rabin Kofin Shayi ga Erna-apai

Kowace Talata da Juma'a za ka ga Erna Wiebe ta sauko daga bas a gaban ɗakin karatun unguwarmu a Karaganda, jaka a kafaɗa, farantin kek lulluɓe da tawul a hannu. Ko ƙanƙara ta kai gwiwa sai ta zo. Jamusanci take koyarwa, harshen kakanninta da aka kwaso zuwa nan lokacin yaƙi. Danginta sun tattara sun koma Jamus tuntuni. Ita kuwa ta ce wa za ta bar wa kabarin mahaifiyarta da bishiyar tuffarta? Muna kiranta Apai, kamar kowace malama. Yanzu gwiwa ta ƙi, wannan watan za ta ajiye aiki.

Ba da allo take farawa ba, da ciki take farawa. Sai ka faɗi sunan fulawa da ƙwai da man shanu da Jamusanci kafin ka ɗanɗana kek ɗin. Da hunturu ta kunna kyandirori ta koya mana waƙoƙinsu, da bazara ta sa mu rina ƙwai. Wanda ya makara ya tarar da ƙofa a rufe. Wanda ta miƙa wa kek ya ce ya ƙoshi don kara irin tamu, yana jiran a sake roƙonsa, to ya yi wa kansa, don ta wuce ke nan. Ni na fara faɗawa wannan tarkon. Rakiyar 'yata Togjan na yi, na ce bari ni ma in taɓa karatun. Ita ta ci jarrabawa, ni na yi tumbi. Apai ta ce a ɓangaren faranti ba ta taɓa samun ɗalibi kamata ba.

Togjan ta sami gurbin koyon aikin jinya a Jamus, ta sauka gidan wata dattijuwa, Frau Lindner. Ba ta yi wata biyu ba ta bugo waya muryarta a dishe, wai ta haɗa kaya. Kullum da safe matar takan cika mata kofin shayi maƙil. Mu kam mun san abin da ake nufi: baƙon da ake so rabi ake zuba masa, don a yi ta ƙara masa ana hira, wanda aka cika wa kuwa an ce masa sha ka kama gabanka. Yarinya ta daina fitowa karyawa. In ta bar gidan ba ta da wani masauki, gurbin kuma ya tafi.

Ni, da hikimata da kowa ya sani, na ce ta dawo, ba a wulaƙanta jinina. Daga nan na nufi gidan Apai in sauke sauran fushin.

"Talgat, magana ce ta kawo ka ko ƙanshi?" in ji ta.

Na zauna ina zayyana mata, tana zuba mini shayi. Sai na ga hannunta ya tsaya cak, ta ƙura wa kofina ido. Rabi ta zuba.

"Ka gani? Haka uwata ma take zubawa. Na ɗauka na gidanmu ne, ashe a wurinku muka koya. Can Jamus cika kofi shi ne karamci. Na koya wa Togjan komai, na bar wannan."

Ba ta kare kanta ba, ba ta kuma bar ni na gama huci ba. Ta karɓi lambar dattijuwar ta kira ta da irin Jamusancin kakanni. Ashe ita ma matar kwana take da damuwa, tana zaton yarinyar ƙyamar teburinta take. Sun daɗe suna magana, har na cinye abin da ke farantin don kada ya bushe.

Washegari Togjan ta turo hoto: kofi biyu a kan tebur, kowanne rabi. Bana ta gama karatunta, kuma har yau gidan take. Tun daga lokacin darasin farko a ajin Apai na shayi ne.

Apai, ke ce gadar da muka taka ba mu dubi ƙasa ba. Ke ce kika tsaya da kowa ya tafi, kika shirya 'ya'yan wasu su tafi da mutuncinsu. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya sassauta wa gwiwar nan. Matasan malamai da za su gaje ki, su koyar da mutane tare da kalmominsu, in sun yi mantuwa kuma su ɗauki waya su gyara kamar yadda kika yi.

Ran walimar sallama ni aka ɗora wa zuba shayi, aikin da ya dace da ilimina. In kin ga naki rabi, ba rowa ba ce. Kin san abin da muke nufi.