Ranar da Inna Ta Aike Ni Sayen Hulba

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a bayan sitiyari waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma shirin da na yi na fara shiga filin tseren motoci da motata, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A unguwar Hindawiyya da ke Makka aka haife ni. Mahaifina ya yi rayuwarsa yana jan tasi tsakanin Makka da Jidda, ya rasu ya bar mini son mota da wani tsohon carbi da na rataye a madubin tawa motar. Da na ji an ware rana a wani fili da ke wajen Jidda, inda kowa zai shiga da motarsa ya gwada gudu bisa ƙa'ida, ban yi wata-wata ba na ba da sunana. Suka turo mini sharuɗɗa: hular kwano, tayoyi masu kyau, a duba birki, a kuma kwashe duk wani abu da zai iya yawo a cikin mota. Hula na saya, tayoyi na canza, birki kuwa na ce ai kullum ina takawa yana ci, me za a duba?

Abin da ya rage shi ne izinin Inna, mahaifiyata. A gidanmu ko garin Ɗa'if da ke nan kusa za ka sai ta sa maka albarka, kuma na san yadda ta tsani gudu da mota. To, mu da aka haifa a nan, Hausarmu rabi Larabci ce, kuma filin tsere da Larabci sunansa halba. Na same ta tana shan shayi, na ce, "Inna, ranar Asabar za ni halba a wajen Jidda."

Ta ɗago ta ce, "Hulba har Jidda? Ta nan Makkan ta ƙare ne? To, tayyib, Allah ya kiyaye hanya. Ka sayo mini mai kyau, wadda ba ta da tsakuwa."

Na gane sarai cewa ba ta fahimce ni ba, amma na ƙi gyara mata. Na ce a raina ai ban yi ƙarya ba, kunnenta ne ya ji hulba. Yanzu idan na tuna kunya nake ji, domin na san satar izini na yi. Kwana biyu ina cin abincinta ba ya mini daɗi.

Ranar Alhamis da hantsi na fito da motar ƙofar gida ina kwashe kaya. Na fitar da darduma, na sauke jarkar Zamzam daga but ɗin motar, sannan na miƙa hannu na zare carbin daga madubi. Ashe Inna tana tsaye a bakin ƙofa.

"Kai, wace irin hulba ce wannan da sai an cire carbin mahaifinka kafin a je sayenta?"

Nan asirina ya tonu. Na sunkuyar da kai na gaya mata komai. Na yi zaton za ta yi faɗa, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta daɗe tana kallon carbin a hannuna, sannan ta ce, "Ya waladi, ɗana, ka ji na yi kuskure, ka bar ni a kai? Halas, shi ke nan. Ka kai motar nan wajen kawunka. In ya ce ka je, na yarda. In ya ce a'a, ka mayar da hularka inda ka sayo."

Kawu ƙaninta ne, bakanike ne a unguwar Ka'akiyya, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Na tafi ina ƙunƙuni a hanya, na tabbata sun haɗa baki ne don su hana ni. Ya sa jak ya ɗaga motar, ya cire tayar gaba, ya ce in shiga in taka birki da iya ƙarfina. Na taka. Ya ce in ƙara. Can sai ya kira ni, "Ta'al, zo ka gani da idonka."

Tiyon da ke kai mai ga birkin ya tsage ta baya, inda ido ba ya kaiwa, mai yana tsattsafowa. Kawu ya shafo ya nuna mini a yatsa. "A cikin gari zai kai ka wata shida. A wancan filin, da ya ɗau zafi, kana zuwa shan kwana ta uku za ka taka birki ka rasa."

Na zauna a kan tayar da ya cire. Ban taɓa jin tsoro da sauƙin zuciya sun haɗu mini lokaci ɗaya kamar ranar ba. Kawu ya canza tiyon, ya zuba sabon mai, ya kira Inna a waya a gabana ya ce, "Yaya, ki bar shi ya je."

Da safiyar Asabar ta raka ni har mota, ta sa mini carbin a aljihu ta ce tunda sun hana ratayewa, ai ba su hana aljihu ba. A filin, da na zo ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya ina gudun da ban taɓa yi ba, na ga kwana ta taso mini, na danna birki. Ya kama cak. Alhamdulillahin da na yi a cikin hular nan, ni kaɗai na san nauyinta.

A hanyar dawowa na tsaya na sayi hulba, na zaɓi wadda ba ta da tsakuwa. Inna ta karɓa ta yi dariya har da hawaye. Tun daga ranar na koyi cewa idan mahaifiya ta yi maka kuskuren ji, ka gyara mata ko da gyaran zai hana ka abin da kake so. Da na tafi da izinin da na sata, da tsagaggen tiyon nan na tafi.