Dariyar Da Na Yi Wa Ɗan Wanzami

Wata rana, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, aka shigo mana da wani dattijo ɗakin imajensi na asibitinmu, ranga-ranga.

Ni nas ce. Shekarata tara a wannan ɗakin, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya jira na gama tunani.

Sunan dattijon Baba Sallau. Wanzami ne daga wani ƙauye, shi ne ma Sarkin Askar garin. Taifot ya huda masa hanji, aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida har ciki ya kumbura. Babban ɗansa Hashimu ne ya kawo shi, da wasu maza uku 'yan garinsu da suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa.

Jininsa ya yi ƙasa sosai. Likitarmu, Dakta Lubabatu, ta ce kafin a shiga tiyata sai an zura masa siririyar roba a jijiyar nan da ke bugawa a wuyan hannu, don a riƙa ganin awon jininsa kowane daƙiƙa.

Hannun hagu ya kumbura suntum saboda ƙarin ruwan da aka yi ta yi masa a kemis. Saura na dama. Hannun da yake riƙe aska da shi shekara arba'in.

Ga inda matsalar take. In jini ya yi ƙasa haka, yatsa ba ya jin jijiyar. Kamar zare take komawa. In ka soka ka kuskure, ka sake sokawa ka kuskure, jijiyar tana iya toshewa, jini ya daina isa yatsu.

Shi ya sa muke da na'urar sikanin. Ka shafa mai, ka ɗora a wuyan hannu, ga jijiya a allo ƙiri-ƙiri, allura ta shiga sau ɗaya.

Na turo na'urar.

Hashimu yana ganinta ya miƙe. Ya dubi na'urar, ya dubi mutanen garinsu, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Sista, wannan ba ita ake ɗora wa mata masu ciki ba?"

Jama'a, sai na kwashe da dariya.

Da ƙarfi kuwa. Na ce, "Ita ce mana. Bari mu duba ko Baba tagwaye zai haifa."

Ɗaya daga cikin na bakin ƙofa ya ƙunshe baki. Wani ya kasa, ya dara.

Na ga fuskar Hashimu ta canza. Ya zagayo ya tsaya tsakanina da gadon, ya ɗora hannu a kan na'urar ya ture ta gefe.

Ya ce, "Wallahi ba za a ɗora wa ubana wannan ba ina raye."

Dakta Lubabatu ta bar abin da take yi ta zo tana masa bayani a nutse. Ina! Ai kunnensa ya riga ya toshe. Maganar ta tashi daga ta magani ta koma ta mutunci. Ya san kafin la'asar labari ya isa ƙauye: an yi wa Sarkin Aska awon ciki a birni, ɗansa yana tsaye.

Ni kuma maimakon in ba shi haƙuri, sai na hau shi da faɗa. Na ce masa baƙauye. Na ce in ya fi mu sani ya ɗauki ubansa ya tafi.

Ana cikin haka numfashin Baba ya fara sarƙewa. 'Yan tiyata sun aiko sau biyu. Babu lokacin neman wani babba ya zo ya sasanta.

Dakta ta dube ni, wani kallo da har yau ban manta ba, ta ce in miƙo mata allura.

Ta lalubi jijiya da yatsa. Ta soka. Babu.

Ta sake. Babu.

Na uku jini ya taru a ƙarƙashin fata. Na huɗu ma babu. Sai a na biyar robar ta zauna.

Na'urar tana nan a kusurwa, a kunne, ba ta fi taku uku daga gadon ba.

An yi tiyata lafiya, Baba ya rayu.

Kwana biyu bayan nan na zo duba shi, na kama hannunsa na dama. Sanyi ƙalau. Faratan sun yi shuɗi. Na san abin da nake gani.

Aka cire robar, aka yi duk abin da za a iya. Zuwa kwana na shida babban yatsa da biyu na kusa da shi sun yi baƙi kamar gawayi.

Aka yanke su.

Kafin a yanke, sai da aka ɗora na'urar nan a hannunsa don a ga inda jini ya tsaya. Wannan karon babu 'yan gari a bakin ƙofa, kuma wani likita ya zaunar da Hashimu ya nuna masa allon. Ya ce ga jijiyar, ga inda ta toshe, ga yadda da an ga hanyar allura tun farko. Bayanin bai kai minti biyu ba.

Hashimu ya daɗe yana kallon allon.

Ina fitowa ya biyo ni baranda. Na shirya jin zagi, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Sista, ni fa tambayarki na yi."

Ni mai bakin nan, sai na sunkuyar da kai na wuce.

Ranar sallama Baba Sallau ya yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Ya ce Allah ne ya ƙaddara. Hashimu ne ya saka masa maɓallin riga, don Baba ba ya iyawa.

Na tsani kaina ranar. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Darasi: In wanda bai sani ba ya rage murya ya tambaye ka, amsa yake nema, kuma ya amince da kai ne. In ka kunyata shi a gaban mutanensa, ba zai ƙara jin gaskiyarka ba, ko da ran ubansa ne a kai. Ku ma'aikatan asibiti 'yan'uwana, ilimin nan ba don mu yi wa mutane dariya aka ba mu ba. Ku kuma masu jinya, na'urar sikanin ba ta mata kaɗai ba ce, ido ce da likita ke ganin cikin jiki da ita. Ku bari a yi amfani da ita.

In kana da ɗan'uwa mai aikin asibiti, ko mai kai marasa lafiya, tura masa wannan ya karanta kafin ya shiga aiki gobe.